Motar Lantarki a Ƙasar da Ake Ɗauke Wuta

A watan Oktoban 2024, mafi yawan jihohin arewacin Najeriya sun kwashe fiye da mako guda babu wutar lantarki. An lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai zuwa Jos shi ma ya samu matsala. Masu sayar da ƙanƙara suka rufe shaguna, masu walda da masu niƙa suka koma kan janareta, masu cajin waya a bakin titi suka ƙara kuɗi. Wanda ya ga waɗannan kwanaki ba zai yi mamaki ba idan aka tayar da zancen motar lantarki a majalisa, wani ya kada baki ya ce wutar da ba ta ishi firiji ba ta yaya za ta ishi mota.

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ta jahilci ba ce. Sai dai a daidai lokacin da ake yin ta a Kano da Zariya da Damagaram, duniya ta yi nisa a wannan hanya. A shekarar 2024 an sayar da motoci masu amfani da lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, wato a cikin kowace sabuwar mota biyar da aka saya, aƙalla ɗaya ana jona ta da wuta. A ƙasar Sin lamarin ya kai kusan rabin sababbin motoci. A Norway kuwa, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a shekarar ba su da tankin mai kwata-kwata. Masana'antun da ke ƙera motocin da za su iso kasuwannin Kwatano da Legas nan da shekara goma sun riga sun juya akalarsu. Don haka maganar ta shafi direban Kano, ko yana so ko ba ya so.

Abin ma ba sabo ba ne. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke yawo a Amurka na lantarki ne. Abin da ya kashe su a wancan lokaci shi ne arhar motar Ford da ta fito a 1908, da yawaitar man fetur, da kuma ƙirƙiro makunnin da ya raba direba da wahalar murza hannu kafin inji ya tashi. Batiran wancan zamani masu nauyi ne, ba sa kai mutum nesa. Shekara ɗari bayan haka, batirin lithium irin na cikin wayar hannu ya dawo da maganar. Farashinsa ya faɗi warwas: batirin da ke riƙe yunit ɗaya na wuta, wanda ake saya fiye da dala 1,000 a 2010, ya dawo kusan dala 115 a 2024.

Ko a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, akwai masu ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. A watan Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz a Amurka ya sanar da sayar da motocin lantarki 20,000 daga cikin nasa, yana kukan tsadar gyara idan an yi karo da kuma yadda darajarsu ke faɗuwa da sauri a kasuwa. A Jamus, gwamnati ta janye tallafin da take ba masu saye a ƙarshen 2023, sai cinikin motocin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar da ta biyo baya. Norway da ake yawan buga misali da ita ta kai inda ta kai ne saboda ta yi shekaru tana yafe wa waɗannan motoci haraji masu nauyi, wutarta kusan duka daga madatsun ruwa take fitowa, mutanenta kimanin miliyan biyar da rabi ne, kuma tana da dukiyar man fetur da take sayar wa wasu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya kwafowa kai tsaye a kawo Sakkwato.

Kukan Bature dai bai wuce tsada da jinkirin caji a kan doguwar hanya ba. Namu ya fara ne tun daga soket ɗin bango.

Najeriya na da mutane fiye da miliyan 200, amma wutar da ake iya rabawa ta babban layin ƙasa yawanci tana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Mutum fiye da miliyan 80 ba su da wuta ko kaɗan. Babban layin kansa ya durƙushe sau da dama a 2024. A Nijar kuma, inda aka daɗe ana dogaro da wutar da ake saye daga Najeriya, mutanen Yamai da Maraɗi sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da aka katse layin bayan juyin mulkin Yulin 2023. Motar da rayuwarta ta rataya a kan irin wannan layi dole mai ita ya kwana da tunani.

Amma a zauna a yi lissafi, domin a nan ne motar take da bakin magana. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin kimanin yunit 18 a tafiyar kilomita 100, irin yunit ɗin nan da ake saya a loda a mita. Masu samun wuta a rukunin da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, suna biyan abin da ya ɗan haura naira 200 a kan kowane yunit tun bayan ƙarin da aka yi a watan Afrilun 2024. Kenan tafiyar kilomita 100 ba za ta kai naira 4,000 ba. Motar fetur mai irin wannan girma za ta sha kamar lita 8. Idan aka ɗauki lita a naira 900, an tashi a naira 7,200. Bambancin ya kusa rabi. Dalili kuwa shi ne injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin man a matsayin zafi, abin da ke kaiwa ga tayoyi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, alhali motar lantarki tana kai fiye da kashi uku cikin huɗu. Ga shi ba ta buƙatar baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba kuloci. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da ake sayen lita ƙasa da naira 200, wannan lissafi ba ya burge kowa. Cire tallafin mai ne ya sa mutane suka fara kasa kunne.

Lissafin yana rushewa ne da zarar an kunna janareta. Ƙaramin injin fetur na gida, in ya yi ƙoƙari, yunit biyu yake fitarwa daga kowace lita. Mai cajin mota da shi zai ƙona kusan lita 9 kafin ya samu yunit 18, wato ya fi mai motar fetur shan mai, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida. Duk wanda ke unguwar da wuta ke zuwa awa huɗu ko biyar a rana, ya kamata ya san wannan kafin ya kai kuɗinsa wurin dillali.

Sola fa? Arewa dai Allah Ya hore mata rana. Babban faranti ɗaya na zamani zai iya ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 40 a rana tsakanin gida, ofis da makarantar yara yana buƙatar kamar yunit 7, abin da faranti huɗu za su iya samarwa. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan farantan, motar tana wurin aiki, lokacin da ta dawo gida kuma magariba ta yi. Sai dai a sayi wani batirin a ajiye a gida ya tara wutar, wannan kuma wasu miliyoyin ne daban. Shi ya sa wurin caji a harabar ma'aikata, kasuwa, jami'a ko tasha ya fi dacewa da yanayinmu fiye da na cikin gida. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ta fara gwada hakan a 2021, inda ta kafa tashoshin caji masu aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Legas, da ta Nsukka. Shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato ne da ya yi suna a kamfanin General Motors saboda zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Ita Volt ɗin ma an ƙera ta ne don maganin tsoron da ke zuciyar kowane mai saye: tana tafiya da batir, idan ya ƙare sai wani ƙaramin injin fetur ya karɓa.

Wannan tsoro na mutuwar batir a daji ya fi ƙarfi a wurinmu. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, mota mai batir mai kyau za ta je ba fargaba. Kano zuwa Abuja ya haura 400. Kano zuwa Maiduguri ya doshi 600. Motar Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, aka ƙaddamar da ita a ƙarshen 2020, an ce tana iya yin kilomita 480 da caji ɗaya, amma wannan adadi na gwaji ne. Gudu a babbar hanya, da kunna na'urar sanyi a zafin watan Afrilu, da lodin kaya da iyali, duk suna rage shi. Mai motar fetur idan mai ya yanke masa a Potiskum zai samu gidan mai, in babu ma zai samu 'yan bumburutu da galan. Ba a sayar da wuta a galan. A wasu hanyoyin kuma tsayuwar awa guda a wurin da ba a shirya ba magana ce ta tsaron rai. Idan ma an isa garin da za a kwana, cika batirin Kona daga soket ɗin gida na yau da kullum zai ɗauki fiye da kwana guda, in wutar ta tsaya.

Sai babbar magana, wadda ba a cika yin ta ba a tarukan ƙaddamar da motoci. Mafi yawan masu mota a Najeriya da Nijar ba su taɓa sayen sabuwa ba. 'Yar Kwatano ake saye, ko 'yar Beljiyam, wadda ta yi shekara goma ko fiye a hannun wani. Mai saye yakan tafi da bakanikensa, a tayar da inji, a saurari ƙararsa, a duba hayaƙi, a leƙa ƙarƙashi. Tsohon bakanike da kunne kawai zai gaya maka ko injin ya sha wahala. Batir ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Yana tsufa ne a ɓoye kamar na wayar hannu, wadda a shekarar farko take kwana da caji, a ta uku kuma ba ta kai la'asar. Kamfanoni yawanci suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, wanda ke nufin motar da za ta iso hannun talakan Afirka ta riga ta fita daga garanti. Batirin kuwa shi ne ɓangare mafi tsada a jikin motar, canza shi na iya cin abin da ya kai ko ya fi kuɗin tsohuwar motar kanta. Sayen irin wannan mota ba tare da na'urar da ke auna lafiyar batir ba cinikin biri a sama ne.

Zafi ma yana da nasa tasiri. Motocin Nissan Leaf na farko, waɗanda batirinsu ba shi da tsarin sanyaya shi da ruwa, sun yi saurin rasa ƙarfi a jihar Arizona ta Amurka, har masu su suka yi ta ƙorafi a 2012. Zafin Arizona ɗan'uwan na Sakkwato da Nguru da Agadas ne. Adalci dai a faɗa cewa an samu ci gaba sosai tun daga lokacin. Yawancin motocin yanzu suna sanyaya batir da ruwa, kuma nau'in batirin da kamfanonin Sin irin su BYD suka fi amfani da shi, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi da yawan caji. Amma tsofaffin da suka fi arha, waɗanda za su fara cika kasuwanninmu, su ne masu tsohuwar fasahar.

Wa zai gyara? A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, babu abin da mutum zai nema na Toyota ko Honda ko Peugeot ya rasa, sabo ko na hannu. Dubban magidanta ne ke cin abinci daga injin fetur: masu gyaran giya, masu lagireto, masu salansa, masu juyen baƙin mai, da yaransu masu koyon aiki. Motar lantarki tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, wasu ma 800, wadda kuskure ɗaya a kanta na iya kashe mutum nan take. Mai wayarin da ya saba da batir mai bolt 12 yana buƙatar sabon horo, safar hannu ta musamman da kwamfutar bincike. Bakaniken Hausa ya koyi motoci masu kwamfuta bayan ya saba da kabreta, zai kuma koyi wannan, amma ba da lalube ba. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai ne ya kamata su fara wannan aiki tun yanzu.

Game da gobara, alƙaluman da aka tattara a ƙasashe irin su Sweden sun nuna motocin lantarki ba su kai na fetur yawan kamawa da wuta ba. Sai dai idan batirin ya kama, kashe shi yana da wuya, yana shan ruwa mai yawa, yana kuma iya sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Jami'an kashe gobara na jihohi suna buƙatar sanin haka.

Masu cewa motar ba ta da tsabtar da ake yayatawa su ma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda aka sha samun yara a ramukan haƙa. Abin ya matso kusa da gida, domin ana haƙar lithium a Nasarawa, Kwara, Kogi da wasu jihohi, an buɗe babbar masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024, kuma 'yan jarida sun ruwaito yadda ƙananan yara ke aiki a wuraren haƙa ba bisa ƙa'ida ba a jihar. Duk da haka, idan aka haɗa hayaƙin ƙera motar da na tuƙa ta tsawon rayuwarta, ta lantarki ta fi ta fetur sauƙi, musamman a ƙasa kamar Najeriya da wutarta ke fitowa daga iskar gas da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, ba daga gawayin kwal ba.

Habasha ta zaɓi shiga da ƙarfi. A farkon 2024 ta haramta shigo da motocin hawa masu amfani da fetur da dizal, domin tana kashe biliyoyin daloli wajen sayen mai daga waje alhali tana da wutar madatsun ruwa mai arha, ga kuma babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu mai ƙarfin fiye da megawat 5,000. Motocin Sin sun cika titunan Addis Ababa. Amma wuraren caji a wajen babban birnin ƙalilan ne, kayan gyara da ƙwararrun makanikai sun yi ƙaranci, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su da wuta a gidajensu. Doka ta riga shiri, masu motocin ne ke biyan kuɗin gaggawar.

Inda lamarin ke tafiya ba tare da an tilasta wa kowa ba shi ne wajen ƙananan ababen hawa na haya. A Kigali, 'yan acaɓa masu hawa baburan kamfanin Ampersand ba sa zaman jiran caji. Suna shiga tasha, a cire batirin da ya ƙare a saka musu cikakke cikin 'yan mintoci, su biya kuɗin wutar su wuce. Batirin na kamfani ne, don haka tsufansa ba damuwar ɗan acaɓa ba ce. Kamfanin Spiro yana irin wannan a Benin, Togo da wasu ƙasashe, har da Najeriya. A Nairobi, bas-bas na kamfanin BasiGo suna ɗaukar fasinja tun 2022, suna caji da dare a tasharsu. Wannan tsari ya warware manyan matsalolin uku a lokaci guda: tafiyar gajeriya ce a cikin gari, wurin caji ɗaya ne da za a iya haɗa masa sola da layin wuta mai kyau, kuma wanda ke yin kilomita ɗari ko fiye kullum shi ne ke saurin mayar da kuɗinsa daga rarar mai.

Maiduguri ta nuna hakan a gida. Birnin ya yi watanni da dama a yanke daga babban layin ƙasa bayan 'yan ta'adda sun fasa turakun wuta a farkon 2021, abin da ya tura jama'a da dama ga sola. A can ne Mustapha Gajibo, ta kamfaninsa Phoenix Renewables, yake cire injin ƙananan bas-bas yana saka musu batir, suna jigilar mutane a cikin gari. Gwamnatin Borno ita ma ta fito da tasi masu lantarki a ƙarshen 2023 don rage wa jama'a raɗaɗin cire tallafi.

Kano, mai dubban A Daidaita Sahu, ta fi kowane gari a arewa dacewa da wannan gwaji. Matuƙin da ke raba cinikin yini tsakanin gidan mai, balas ɗin mai babur da cefanen gida, shi ne wanda rarar naira dubu biyu ko uku a rana za ta sauya wa rayuwa. Abin da yake buƙata shi ne tashar musayar batir a Kabuga, Yankaba, Ɗorayi da Hotoro wadda zai tabbata a buɗe take da asuba, da kuma tsarin biya kaɗan-kaɗan da bai fi ƙarfinsa ba. Shi kuwa magidanci mai mota ɗaya, wadda da ita yake zuwa aiki, da ita yake kai iyali ƙauye da sallah, babu laifi in ya dakata. Mota mai haɗa fetur da batir, wadda ba a jona ta da wuta, ko mayar da injinsa ya koma amfani da iskar gas inda ake samunta, sun fi kusa da halin da yake ciki a yau.

Akwai aikin da gwamnati za ta iya yi wanda bai kai gina tashar wuta tsada ba. Miliyoyin motocin lantarki da aka sayar a Sin da Turai a 'yan shekarun nan za su tsufa, kuma hanyar da tsofaffin motoci suka saba bi ita ce ta tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Yamma. Hukumar kwastam da hukumar kula da ingancin kaya za su iya shar'anta cewa kowace irin wannan mota ta zo da takardar gwajin da ke nuna kashi nawa ya rage na ƙarfin batirinta, a hana shigo da wadda ta faɗi ƙasa da wani mataki, a kuma ɗora wa masu shigo da su alhakin karɓar matattun batira. In ba haka ba, batiran za su ƙare a hannun 'yan gwangwan, waɗanda za su fasa su da guduma a tsakiyar unguwa don neman jan ƙarfen da ke ciki.